Amsoshin Tambayoyinku: Kogunan da Aka Auna Kafin a Haƙa Mashigin Panama

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce kafin a haƙa mashigin ruwa na Panama an yi shekaru ana auna koguna a wasu ƙasashe, har ma Nikaraguwa ta kusa samun aikin. Don Allah me ya haɗa koguna da mashigin da teku biyu zai haɗa, kuma me ya sa Nikaraguwa ta rasa? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Idan mutum ya dubi taswira, zai ga ƙasar da ta raba Tekun Atilantika da Tekun Pasifik siririya ce a yankin Amurka ta Tsakiya, amma taswira ba ta nuna tsaunukan da suka ratsa ta. Kogi shi ne ke nuna wa mai safiyo inda ƙasa ta fi sauka, kuma duk inda jirgi zai iya bin kogi, an rage haƙa ke nan. Bayan haka, idan har sai an ɗaga jirgi sama da teku ta hanyar ɗakunan ruwa masu ƙofofi, dole a sami ruwan da za a riƙa cika su a saman tudu. Shi ya sa tun a 1534 Sarki Charles na Ɗaya na Sifaniya ya ba da umarnin a duba hanyar Kogin Chagres a Panama.

Awon gaske ya kankama ne bayan gano zinariya a Kalifoniya, lokacin da dubban mutane ke neman gajeriyar hanya zuwa yamma. Daga 1850 zuwa 1852 wani injiniya mai suna Orville Childs ya auna hanyar Nikaraguwa, abin da ya samu kuwa ya faranta wa Amurkawa rai. Kogin San Juan yana fitowa daga Tafkin Nikaraguwa ya yi tafiyar kusan kilomita 200 zuwa gaɓar Atilantika, tafkin kansa bai fi mita 33 sama da teku ba, kuma tsakaninsa da Pasifik ƙasa ce da ba ta wuce kilomita 20 ba. Wato hanya ce da Allah ya riga ya shimfiɗa mafi yawanta da ruwa.

Ba kowane awo ne ya ƙare lafiya ba. A 1854 Laftanar Isaac Strain na sojan ruwan Amurka ya shiga dajin Darien da ke gabashin Panama bisa labarin wani Edward Cullen, wanda ya yi iƙirarin ya ga wata saukakkiyar hanya a can. Ba su tarar da ita ba, sai suka ɓata suna bin Kogin Chucunaque makonni da dama, har yunwa da ciwo suka kashe wasu daga cikinsu. An kuma auna Kogin Atrato a Kolombiya, babban kogi mai ɗaukar jirgi, sai dai tsaunin da ya raba shi da Pasifik ya sa masu awon suka fara maganar huda rami a cikin dutse don jirage su bi, tsadar hakan kuwa ta wuce misali.

Daga 1870 zuwa 1875 Shugaba Ulysses Grant ya tura tawagogin sojan ruwa zuwa Tehuantepec a Meksiko, da Darien, da Nikaraguwa, da Panama, kuma a 1876 kwamitin da ya nazarci rahotanninsu ya zaɓi Nikaraguwa. Babban abin da ya kayar da Panama a lokacin shi ne Chagres, kogin da idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi yakan tashi fiye da mita goma cikin 'yan kwanaki.

A ganina, nan ne Faransawa suka yi babban kuskure. A taron Paris na 1879, Ferdinand de Lesseps, wanda ya jagoranci haƙa mashigin Suez a Masar, ya dage a haƙa Panama daidai da fuskar teku, alhali Suez rairayi ce da babu tsauni, babu kogi. Wani injiniya mai suna Godin de Lépinay ya ba da shawarar a datse Chagres a yi tafki a saman tudu, aka yi watsi da maganarsa. Ambaliya da zaftarewar ƙasa da zazzaɓin shawara da na cizon sauro suka taru a kan aikin, kamfanin ya durƙushe a 1889 bayan mutuwar ma'aikata kimanin 22,000.

Rashin Nikaraguwa kuwa kuɗi da siyasa ne suka jawo shi fiye da awo. A Nuwamba 1901 kwamitin gwamnatin Amurka ƙarƙashin Admiral John Walker ya sake zaɓar ta, musamman domin Faransawa na neman dala miliyan 109 a kan kadarorinsu na Panama. Da suka sauko zuwa miliyan 40, kwamitin ya sauya ra'ayi a Janairu 1902. A watan Mayu dutsen Pelée ya yi aman wuta a tsibirin Martinique ya hallaka kusan mutum 30,000, sai Philippe Bunau-Varilla, mai kare muradin Panama, ya aika wa sanatocin Amurka kan sarkin Nikaraguwa mai hoton dutsen Momotombo yana hayaƙi. Amma kada a ɗauka kan sarki kaɗai ya yanke hukunci: hanyar Panama kimanin kilomita 80 ce, ta Nikaraguwa ta ninka ta fiye da sau uku, kuma Panama tana da layin dogo tun 1855.

Da Amurkawa suka karɓi aikin, shawarar Lépinay suka koma wa. Suka gina madatsar Gatun a kan Chagres, tafkin da ya taru ya kai mita 26 sama da teku, kuma da ruwansa ake ɗaga jirage tun buɗe mashigin ranar 15 ga Agusta, 1914. Har yau ruwan kogin ne ke tafiyar da mashigin, domin a farin da aka yi a 2023 sai da hukumar mashigin ta rage yawan jiragen da ke wucewa kowace rana.