Tsakanin Glock 19 da ƙananan bindigogin zamani: wacce ta dace da ɗauka a ɓoye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, na kammala horon da jihar da nake ciki ta shardanta, kuma an ba ni lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye. Mai shago ya nuna mini Glock 19, sannan ya ɗauko SIG P365 da Springfield Hellcat ya ce su ne suka fi dacewa saboda ƙanƙantarsu. Ni kuma gangar jikinsu na roba ne yake sa ni shakka. Shin roba tana da ƙarko? Kuma da me zan auna su kafin in fitar da kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara kawar da shakkar roba, domin ita ce mafi sauƙi a cikin tambayarka. Abin da ake kira polima a nan wani nau'in nailan ne mai tauri, wanda kamfanoni da yawa suke ƙarfafawa da zaren gilashi. Kamfanin Heckler & Koch ya fito da VP70 mai irin wannan jiki tun 1970, sojojin Ostiriya suka karɓi Glock 17 a farkon shekarun 1980, kuma yau yawancin 'yan sandan Amurka irin waɗannan bindigogi ne a ƙugunsu. Wuraren da wuta da matsi suke bugawa duk ƙarfe ne: bututu, murfin sama mai zamewa da ake kira silaid, allurar da ke buga harsashi, da 'yan layukan da silaid ke gudu a kansu, waɗanda aka dasa cikin robar. Polima ba ta tsatsa, ba ta ɗaukar sanyi ko zafi kamar ƙarfe idan ta manne da jiki, kuma tana rage nauyi sosai. Abin da za ka duba a jikinta shi ne tsagewa kusa da layukan ƙarfen da ramukan fil, musamman idan bindigar wani ya riga ya yi amfani da ita.

Maganar mai shago ce take buƙatar dogon bayani, domin rabin gaskiya ya faɗa maka. Ƙaramar bindiga ta fi sauƙin ɓoyewa, amma ta fi wahalar harbawa, kuma wannan wahalar tana faɗawa ne a kan sabon hannu fiye da kowa.

Ga lissafin. Glock 19 tana da bututu mai tsawon milimita 102, tsayinta daga ƙasan magazin (gidan da ake jera harsasai a ciki) zuwa saman saiti (alamomin da ido ke daidaitawa a saman silaid) milimita 128, nauyinta da magazin babu harsashi kusan giram 670, kuma tana cin harsashi 15. P365, wadda ta fito a 2018, bututunta inci 3.1 ne, wato kusan milimita 79, tsayinta kusan milimita 109, nauyinta kusan giram 500, tana cin harsashi 10 a ƙaramin magazin. Hellcat ta biyo baya a 2019 da bututu inci 3 da harsashi 11. Dukkansu harsashi iri ɗaya suke harbawa, wanda ake kira 9x19 saboda girmansa a milimita. Ƙarfin da ke fitowa daga harsashin kusan ɗaya ne, amma a ƙaramar bindiga nauyin da zai shanye shi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ƙotar ta gajarce har ƙaramin yatsan mutane da yawa ba ya samun wurin zama. Sakamakon shi ne bakin bindiga yana ɗagawa sama da ƙarfi, riƙon hannu yana kwancewa bayan harbi biyu ko uku, kuma mai koyo yakan fara zabura tun kafin harsashi ya fita. Wannan zaburar ce take sa na-dama ya riƙa ganin harsasansa suna sauka ƙasa ta hagu.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya. A Glock 19 kusan milimita 150 ce, a P365 kusan 125. Idan idonka ya kuskure daidaita su da milimita ɗaya tak, a nisan mita 10 harsashi zai kauce da kusan santimita 6.7 a ta farko, santimita 8 a ta biyu. Bambancin ba shi da yawa a takarda, amma yana haɗuwa da gajeriyar ƙota da rashin nauyi, su taru su zama babba.

To me yake tona asirin bindiga a ƙarƙashin riga? Ƙota ce. Bututu yana kwance ne a cikin wando, tsawonsa ba ya nunawa. Hasali ma bututu mai ɗan tsawo yana taimakawa wajen hana ƙotar karkatowa waje, domin yana tokare jiki daga ƙasan bel. Abin da ke turo riga shi ne ƙarshen ƙota, sai kuma kauri. Glock 19 kaurinta ya ɗan haura santimita 3, su kuwa P365 da Hellcat kusan inci ɗaya ne, wato santimita 2.5. Rabin santimitar nan ana jin ta bayan awa goma a ƙugu. Wannan ne ya sa kamfanoni suka fito da na tsakiya: Glock 43X da Glock 48 a 2019, sirara masu cikakkiyar ƙota da harsashi 10, da P365XL mai bututu inci 3.7 da harsashi 12, da Shield Plus ta Smith & Wesson a 2021 mai magazin na 10 da na 13. A ganinmu, wanda yake sayen bindigarsa ta farko ya fara gwaji daga wannan rukuni da Glock 19, ya sauka zuwa mafi ƙanƙanta ne kawai idan irin tufafinsa ko girman jikinsa suka tilasta masa.

Yanzu ga yadda za ka auna da hannunka. A shago, bayan ka tabbatar da idonka da yatsarka cewa babu magazin kuma babu harsashi a ɗaki (gindin bututu, inda harsashi ke zama kafin a harba shi), ka riƙe bindigar ta yadda bututu zai yi layi ɗaya da damtsenka. Tsakiyar gaɓar farko ta ɗan-alinka ya kamata ta kwanta a kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. Idan sai ka zagaya hannunka kafin yatsa ta kai, ƙotar ta yi maka girma. Idan yatsa ta wuce har gaɓa ta biyu, ta yi maka ƙanƙanta. Sannan ka ɗora hannunka na biyu: dole ne a sami fili a gefen ƙota inda tudun tafinsa zai manne da robar kanta. A ƙananan bindigogi, mai manyan hannaye yakan tarar yatsun hannun farko sun cinye filin gaba ɗaya. Ka danna maɓallin sakin magazin ka ga ko magazin zai faɗo da kansa, ko tafinka yana tare shi. Ka ja silaid baya ka kulle shi sau biyar. Sifirin na ƙananan bindigogi ya fi tauri, wurin kamawa kuma ya fi ƙanƙanta, don haka wanda hannunsa ba shi da ƙarfi yakan fi samun sauƙi da babbar.

Ka nemi izinin mai shago ka ja kunama babu harsashi, bakin bindiga yana fuskantar inda ba kowa. Yawancin waɗannan bindigogi nauyin kunamarsu yana tsakanin kilo 2 da 3. Glock tana kusan kilo 2.5. Ka zuba ido a kan saitin gaba lokacin da kunama ta karye. Idan ya motsa, haka zai motsa da harsashi a ciki. Kada ka nemi kunama mai laushi sosai a bindigar da za ka ɗauka a jiki, kuma kada ka canja kayan cikinta da na wasu kamfanoni. Glock, alal misali, tana da makarai uku da ke aiki da kansu: ɗan harshen da ke tsakiyar kunama, toshiyar da ke tare allura, da abin da ke hana harbi idan bindiga ta faɗi. Kayan kasuwa da ba a daidaita su da kyau ba suna iya lalata aikin ɗayansu ba tare da ka gani ba. Ka kuma bincika ko kamfani ya taɓa kiran samfurin don gyara. SIG ta yi haka da P320 a 2017 kan batun tashi idan ta faɗi, kuma lambar jikin bindiga ce za ta nuna maka ko an yi mata gyaran.

Hukuncin gaskiya a filin harbi yake. Filaye da yawa suna ba da hayar bindigogi. Ka ɗauki biyu ko uku a rana ɗaya, da harsashi iri ɗaya, ka harba aƙalla 50 a kowace. Akwai gwaji mai sauƙi da malaman harbi suka daɗe suna amfani da shi: da'ira mai faɗin inci 5, a nisan yadi 5, harsashi 5 cikin daƙiƙa 5, kana farawa da bindiga a hannu bakinta na kallon ƙasa gaba. Ka maimaita sau biyar da kowace bindiga, ka rubuta sakamako. Sannan ka matsa zuwa yadi 15 ka harba 10 a hankali. Wadda ta fi daɗi a hannu cikin shago ba lallai ta ci wannan gwaji ba, kuma takarda ce za ka bi. Idan bayan harsashi 50 hannunka yana zafi har kana ƙosawa a gama, ka sani ba za ka riƙa atisaye da wannan bindiga ba.

Bayan ka saya, kada ka ɗauke ta sai ta nuna amincinta. Ka wanke man kamfani, ka sa mai kamar yadda littafinta ya nuna (ɗigo kaɗan a layukan silaid da bayan bututu, ba a ramin allura ba, domin mai a can yana tara datti ya rage ƙarfin bugu). Ka harba 200 zuwa 300 na harsashin atisaye, sannan aƙalla 50 na wanda za ka ɗauka, ta cikin kowane magazin. Ka rubuta lamba a ƙasan kowannensu, domin yawancin maƙalewar bindiga daga magazin take: leɓɓansa sun buɗe ko sifirinsa ya gaji. Idan matsala tana bin magazin ɗaya, ka cire shi daga aiki. Idan kwanso yana maƙalewa a tsaye a bakin silaid, ka fara zargin riƙonka. Silaid yana buƙatar gangar jiki ta tsaya cak kafin ya kammala tafiyarsa, kuma jikin roba marar nauyi yana bin sakakken wuyan hannu baya, sai ƙarfin ya ɓace a hanya. Idan silaid ba ya kullewa bayan harsashin ƙarshe, galibi babban yatsanka ne yake kwance a kan makullinsa. Ka gwada harbi da hannu ɗaya, dama da hagu, domin a nan ne raunin ƙaramar bindiga yake fitowa fili.

Harsashin ɗauka ya zama mai ramin baki, wato wanda ke buɗewa idan ya bugi abu, daga kamfanin da aka sani, idan dokar jiharka ta yarda. A 9x19 nauyin da aka saba gani 115 ne, da 124, da 147, a ma'aunin nauyin harsashi da ake kira giren. Ma'aunin da hukumar FBI ta kafa bayan musayar wutar da jami'anta suka yi da 'yan fashi a Mayami a 1986 shi ne harsashi ya shiga inci 12 zuwa 18 cikin dasƙararren jelatin na gwaji. Gajeren bututu yana rage gudun harsashi, don haka ka nemi sakamakon gwajin da aka yi da bututu mai tsawon naka. Harsashi mai alamar +P matsinsa ya kai 38,500 a ma'aunin matsi na psi maimakon 35,000. A bindiga mai giram 500 ƙarin bugun da yake kawowa ya fi amfaninsa ga sabon hannu. Kuma kada ka riƙa mayar da harsashi ɗaya cikin ɗaki kullum: kowane shigarwa yana iya tura kansa ciki kaɗan, filin albarushi ya ragu, matsi ya hau. Duk wanda ya gajarce idan ka jera shi da sabo, ka ware shi.

Kube kuwa rabin aikin ne, kuma kafin ka zaɓi bindiga ka tabbata ana ƙera mata kube masu kyau. Ya zama mai tauri, irin na robar Kydex ko fata mai kauri, wanda aka yi wa wannan samfurin daidai. Ya rufe kunama ruf ta ɓangarori biyu, bakinsa ya tsaya a buɗe bayan an zare bindiga, kuma idan ka kifa shi da bindiga marar harsashi a kan katifa kada ta zame. Bel ɗin ya zama mai tauri, faɗin inci ɗaya da rabi. Wani ɗan fiffike da ake ɗaurawa a gefen kube yana tokare bel ya lanƙwaso ƙota cikin jiki, kuma shi kaɗai yakan sa Glock 19 ta ɓace a ƙarƙashin rigar da a da take nunawa. Yawancin waɗannan bindigogi ba su da makullin da ake dannawa da hannu don hana harbi, don haka haɗari mafi girma yana wajen mayarwa cikin kube: gefen riga ko igiyar jaket ta shiga gaban kunama, kai kuma ka tura bindigar ciki. Ka kawar da riga, ka duba cikin kube da idonka, yatsa a miƙe a jikin silaid, ka mayar a hankali. Haka wajen kwancewa don wanki: Glock sai an ja kunama take kwancewa, saboda haka a fara cire magazin, sannan a ja silaid a duba ɗaki, kuma harsasai su kasance a wani wuri dabam.

Zufa tana cin saitin ƙarfe, da sukurorin kube, da jikin magazin, ko da gangar jikin roba ce. Ka goge su da tsumma mai ɗan mai kowane mako, ka busa zaren tufafi da ke taruwa a bayan silaid. Sifirin da ke mayar da silaid yana gajiya da wuri a ƙananan bindigogi. Ka riƙa ƙirga harsasan da ka harba ka canja shi a adadin da kamfanin ya faɗa.

Saura doka. Jihohi irin su Kalifoniya da Niyok sun taƙaita magazin a harsashi 10, kuma a can fifikon harsashi 15 na Glock 19 ya faɗi, sai 43X da 48 su ƙara daraja a lissafinka. Lasisin jiha ɗaya ba a duk jihohi yake aiki ba, kuma akwai wuraren da ba ya shiga ko a jiharka, kamar gine-ginen gwamnatin tarayya da bayan shingen bincike na filin jirgin sama. A gida, duk lokacin da bindiga ta bar jikinka ta shiga akwati mai makulli, musamman idan akwai yara. Ka sa kuɗin akwatin, da kube, da bel, da harsashi 500 na farko cikin kasafin tun kafin ka koma wurin mai shago.