Amsa ga mai tambaya kan oba-oba a wurin taro da gardamar masu rediyon sha'awa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka tun shekaranjiya, na jinkirta amsa ne domin ba irin wadda ake sallamawa da layi biyu ba ce. Ka ce ƙungiyarku ta matasan unguwa tana shirin sayen oba-oba guda shida domin taimaka wa jama'a a hawan sallah, kana son sanin ko wannan shi ne aikin masu rediyon sha'awa, waɗanda da Faransanci ake ce wa radioamateurs, kuma kana mamakin yadda manyanmu suka kasu biyu a kan batun alhali kowa yana da salula a aljihu. Na shafe shekaru ina gyaran rediyo da haɗa eriya a nan Damagaram, na kuma tsaya da ƴan agaji a taruka da dama, saboda haka zan gaya maka abin da idona ya gani.

Bari in fara da salular, tun da a kanta ake yawan kafa hujja. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawa, lokacin da Birni ya cika ya batse kuma kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar dawaki yana aika wa dangi, ya san yadda rezo yake toshewa. Turken sadarwa yana da iyakar kiran da zai iya ɗauka a lokaci guda, idan dubban mutane suka taru a ƙarƙashin turke ɗaya sai ka ga alamar rezo a cike amma kiranka ba ya fita. Ko da ya fita, mutum ɗaya ka kira, sai ka jira ya ji ƙarar wayarsa a cikin kakaki da tambari da harbin bindigogin gargajiya. Oba-oba ba ta bi ta turken kowa, ka danna ka yi magana, duk abokan aikinka sun ji a daidai wannan daƙiƙa. Manhajojin da ke mayar da salula kamar oba-oba suna da kyau a ranar da gari yake shiru, amma a kan wannan rezon dai suke tafiya, idan ya faɗi tare suke faɗuwa. Ba a ƙasarmu kaɗai ake ganin haka ba. A tseren gudun fanfalaki na birnin Boston a Amurka, masu rediyon sha'awa fiye da 200 ne suke bazuwa a kan hanya mai tsawon kilomita 42 suna haɗa rumfunan jinya da motocin ɗaukar waɗanda suka gaza, kuma a ranar 15 ga Afrilu 2013 da bama-bamai suka tashi kusa da layin ƙarshe, layukan salula sun cushe amma su sun ci gaba da magana da juna. A Ingila ma, ambaliyar teku ta 1953 ce ta sa suka kafa ƙungiyarsu ta agaji mai suna RAYNET.

Sai dai sayen na'ura bai mayar da mutum mai rediyon sha'awa ba, kuma a nan ne nake roƙonka ka natsu. Dokokin ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, sun fayyace wannan aiki da cewa na koyo ne da gwaji da zumunci tsakanin mutanen da hukuma ta ba izini, ba tare da neman kuɗi ba. Mai izini yana da lambar kira tasa, tamu ta Nijar tana farawa da 5U, ta maƙwabtanmu Najeriya da 5N, kuma yana da zangunan da aka keɓe masa, kamar megahaz 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 a yankinmu na Afirka da Turai. Waɗannan ƙananan oba-oba ƙirar Baofeng da ake shigowa da su suna iya watsa magana nesa da waɗancan iyakoki, har cikin zangunan da hukumomi da kamfanoni suke aiki a kai, kuma yaron da bai sani ba yana iya faɗawa kan zangon jami'an tsaro ba da nufi ba. A halin da ƙasa take ciki, matashi da oba-oba a hannu babu takarda zai sha tambayar da bai shirya mata ba, kuma ban ga laifin wanda ya tsayar da shi ba. Kafin ku fitar da ko dala ɗaya, ku rubuta wa ARCEP, hukumar da ke rabon zanguna, ku sanar da masu shirya taron da jami'an tsaro, ku karɓi amsa a rubuce. Duk tarukan da na yi aiki a cikinsu, a kan zangon da aka amince wa masu taron muka yi magana. Abin da na kawo daga rediyon sha'awa shi ne sanin eriya da ladabin magana, kuma a ganina wannan ne ainihin gudummawarmu.

Ladabin maganar nan da wuya na koye shi. A wani babban taro shekarun baya, mun raba na'urori bakwai ba tare da mun naɗa wanda zai riƙe ragama ba. Wata dattijuwa ta yanke jiki ta faɗi saboda zafin rana, sai mutum uku suka danna a lokaci ɗaya, babu abin da ke fita sai ƙugi kamar na injin niƙa. Da ƙugin ya lafa, sai zangon ya sake toshewa ɗungurungum, muna jin takun jama'a da muryar mai sayar da ruwan sanyi amma ba mai iya shiga. Ashe ɗaya daga cikin yaranmu ne ya soke na'urarsa a aljihun baya ya zauna a kan benci, maɓallin ya danne. Na tuna ina tsaye riƙe da tawa, ta yi zafi a tafin hannuna, ƙura ta cika ramukan lasifikarta, ina hango inda matar take amma ba ni da hanyar kiran motar jinya, sai da na aika yaro da gudu. Allah ya kiyaye ta farfaɗo. Abin da ya ƙara damuna shi ne, da zangon ya buɗe, wani ya faɗi sunanta da na mijinta da unguwarsu a iska, alhali duk mai irin wannan na'ura a gari yana iya saurare.

Tun daga ranar ba na yarda a fara aiki sai an zaunar da mutum ɗaya a inuwa, nesa da makaɗa, da littafi da biro da agogo. Kowa da shi yake magana, shi yake ba da dama, shi yake rubuta lokaci da abin da aka ce. Ana kiran wuri ne, ba a kiran mutum, a ce ƙofar gabas ko rumfar jinya, domin idan an canji mai tsaron wurin kiran bai canja ba. Mai magana ya danna, ya ɗan dakata numfashi ɗaya, ya faɗi inda yake da abin da ya gani da abin da yake buƙata, ya saki. Gaisuwarmu mai tsawo, wadda nake ƙauna ƙwarai, a bar ta sai an tashi. Na kuma koyi kunna abin da ke yanke watsawa da kansa idan an danne fiye da minti ɗaya, kusan duk na'urorin nan suna da shi a cikin saitinsu, mutane ne ba sa dubawa. Kowa ya sa abin ji a kunne, kuma a tanadi batir na biyu, domin kuran ba abin dogaro ba ne a daren sallah.

Game da nisa, kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. Waɗannan zanguna kusan kamar gani suke tafiya, kuma duwatsun Birni da katangun ƙasa masu kauri suna cinye su, har mutum biyu da ke tazarar kilomita ɗaya su kasa jin juna. Tsawo ya fi ƙarfin wuta amfani. Eriyar ƙarfe mai tsawon kimanin santimita 50 da aka ɗora a kan soro ta fi ƙaramar eriyar roba da ke zuwa da na'urar nesa ba kusa ba, idan kuma ta hau mita 25 daga ƙasa tana iya kaiwa wajen kilomita 20, wato kusan Mirriya. Tanut da Gure kuwa sai gajeren zango, megahaz 7 da rana, 3.5 da dare, wannan kuma karatu ne na wata rana.

Gardamar manyanmu kuma tana da tushe, ba son musu ba ne kawai. Ɓangare ɗaya suna cewa rediyon sha'awa ilimi ne, mutum ya naɗa waya da hannunsa ya ji muryar Barazil ko Japan, tsayuwa a bakin taro kuwa aikin ƴan agaji ne da ƴan kwana-kwana. Suna da hujja a doka, domin ƙa'idar ITU ta taƙaita isar da saƙon wasu mutane tsakanin ƙasashe ga lokacin gaggawa da bala'i, sauran kuma ta bar wa kowace ƙasa ta tsara, ta kuma hana ɓoye ma'anar magana tsakanin ƙasashe a zangunanmu. Suna tsoron kada a mayar da mu ma'aikatan kyauta ga mai biki da ya ƙi biyan kamfani. Ɗaya ɓangaren suna cewa wanda bai taɓa riƙe zango a cikin hayaniyar sallah ba, ba zai iya riƙe shi ranar ambaliya ba, lokacin da gidajen ƙasa suke zubewa cikin dare kuma turaku sun mutu. Ni ina tare da na biyun, amma da sharaɗin na farkon. Taron jama'a wurin atisaye ne, kuma a gari irin namu da masu lambar 5U ba su da yawa, idan jama'a da hukuma ba su taɓa ganin amfaninmu ba, babu dalilin da zai sa su saurare mu ranar da muka je neman izini. Amma bikin da ake karɓar kuɗin shiga domin riba ba na zuwa, kuma ba na karɓar ladan aiki ko an kira shi goro. Ruwa da abinci da man babur, waɗannan ban ga aibinsu ba.

Akwai wata gardamar da ke tafe a ƙarƙashin wannan, ta tsoho da sabo. Tun 2003 aka cire wajabcin iya bugun Morse, wato aika haruffa da gajeru da dogayen ƙara, daga dokar duniya, a 2017 kuma Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, shi da abokin aikinsa suka fito da tsarin FT8 inda kwamfutoci ke musayar gajerun saƙonni, har wasu dattawa suna cewa an kashe zumuncin murya. Wannan musu ba zai shafi aikinku ba. A wurin taro murya ce zalla ta FM take aiki, wadda ko ta raunana kunne yana tsintar kalma a cikin shuuu, ta dijital kuwa idan ta yanke ta yanke gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu sa riga mai ƙyalli su rataya na'ura su fara ba dogarai da jandarma umarni. Mu masu isar da saƙo ne, mai taro da likita da jami'in tsaro su ne masu yanke shawara. Ku zaɓi wanda ya fi kowa haƙuri a cikinku ya riƙe littafin, ko da shi ne ƙarami. Idan takardarku ta fito, ka sanar da ni mako biyu kafin sallah, mu zagaya Birni da Zango da ƙafa bayan la'asar, mu gwada kowane lungu, mu rubuta inda murya take kaiwa da inda take mutuwa, sannan mu nemi mai soro mai tsawo mu roƙe shi aron rufinsa na kwana biyu.