Injin numfashi da zuciya: amsa ga wani ɗan koyo a Kumasi

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce: "Maigida, me ya sa awon jinin majiyyaci yake faɗuwa da zarar an sa masa bututu an ɗora shi a kan injin numfashi, alhali shi injin, huhu yake taimaka wa, babu ruwansa da zuciya?" Da tambayar yadda ake ɗaure bututu ko tsotse majina ka yi mini, da na bar ka da nas-nas na sashenku, domin wanda bai iya waɗannan ba bai kamata a bar shi ya wuce ƙofar ɗakin kulawa ta musamman ba. Wannan kuwa zan amsa ta, saboda ƙarshen maganarka na taɓa jin irinsa daga bakin wani matashi, kuma abin da ya biyo baya ya ci ran mutum, ya ci kuɗina, ya kuma taɓa mini suna a cikin zango.

Mai lafiya idan zai ja numfashi, tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne yake sauka, ƙirji ya buɗe, matsin da ke cikinsa ya yi ƙasa da na waje, iska ta shigo da kanta. Abin da ba ku lura da shi ba shi ne, wannan zuƙar ba iska kaɗai take jawowa ba, har da jinin da ke dawowa daga ciki da ƙafafu ta manyan jijiyoyi zuwa ɓangaren dama na zuciya. Injin kuwa ba ya zuƙa, turawa yake yi. Duk numfashin da ya tura yana ɗaga matsin ƙirji, ita kuma zuciya da manyan jijiyoyinta a cikin wannan ƙirjin suke zaune, ba su da wani ɗaki na daban. Ƙarfin da ke mayar da jini zuwa zuciya ɗan kaɗan ne ƙwarai. Arthur Guyton, da ya auna shi a jikin karnuka a Amurka, ya same shi wajen milimita 7 kacal a irin ma'aunin da muke auna jini da shi. To idan ka sa PEEP, wato matsin da injin ke bari a huhu a ƙarshen fitar numfashi, na 12 ko 15, ka ƙara da babban numfashi a kai, ka cinye kaso mai yawa na wannan ɗan ƙarfin, kuma zuciya ba ta iya tura jinin da bai iso mata ba.

Jikin mai ƙarfi yakan rama ta hanyar matse jijiyoyinsa da saurin bugun zuciya. Amma dubi irin mutanen da ake kawo mana: wanda ya yi kwanaki yana amai da gudawa, macen da ta zubar da jini bayan haihuwa, wanda mota ta buge a hanyar Techiman, wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa jijiyoyinsa suka saki. Duk sun iso ne a bushe, tsoro da wahalar numfashi ne kawai suke riƙe da awon jininsu. Sai ka zo ka yi masa allurar barci irin propofol, wadda ke ƙara sakin jijiyoyi, ka cire masa wannan tsoron, sannan ka hura masa ƙirji. Abubuwa uku ka haɗa masa a lokaci guda, don haka faɗuwar jinin ba abin mamaki ba ce. Ledar ruwa a rataye tana gudu da noradrenaline, maganin da ke matse jijiyoyi ya ɗaga awon jini, a haɗe kafin a taɓa bututu, wannan ba sai na tsaya a kansa ba. Ba kuma sabon ilimi ba ne: André Cournand da abokan aikinsa a New York sun wallafa shi tun 1948, suka nuna cewa hura huhu da matsi yana rage jinin da zuciya ke fitarwa, kuma idan an bar wa fitar numfashi isasshen lokaci zuciya takan mayar da abin da ta rasa. Mutumin ya samu kyautar Nobel a 1956, amma yaran yau ba su san sunansa ba, domin ba ya cikin manhajar da ke wayarsu.

Wannan batu na lokacin fitar numfashi shi ne ya kai ni ga labarin. A shekarun da ɗauke wutar nan da muke kira dumsor ya yi tsanani, wani mai asibitin kuɗi a bayan gari ya sayo tsofaffin injinan numfashi daga Turai, ya nemi in kafa masa sashen, in koya wa ma'aikatansa, a kan zai biya ni idan aiki ya kankama. Ba mu rubuta komai ba, domin wani dattijo da muke salla tare ne ya haɗa mu, kuma a wurinmu maganar dattijo ta wadatar. Na gyara injinan, na sayi wasu kayan da kuɗin aljihuna, na bar aikin da nake samu a wani wuri na koma can.

Cikin hunturu, lokacin da ƙura ke tayar wa masu asma, aka kawo wani direban babbar mota mai ɗauko albasa daga arewa, ƙato, mai iyali, ƙirjinsa ya toshe har kukan asmar ma ya daina fita, wanda kowa ya san alama ce mafi muni. Muka sa masa bututu. Na saita injin da hannuna: numfashi 10 a minti, ƙaramin awon iska a kowane numfashi, lokacin fitar iska ya ninka na shigarta sau 4. Mai asma ba shigar iska ce babbar matsalarsa ba, fitarta ce, domin hanyoyin sun tsuke, iskar sai ta fita a hankali. Na rubuta a takarda da manyan baƙaƙe na manna a jikin injin cewa iskar kabon za ta hau, a bar ta ta hau, kada wanda ya taɓa saitin sai an kira ni. Awon jininsa yana nan lafiya lau na tafi gida Aboabo.

Da dare ya yi, matashin da ke bakin aiki, sabon fitowa daga makaranta, ɗan'uwan mai asibitin, ya ga lambar kabon ta yi ja a allo. Bai kira ni ba. Ya murɗa yawan numfashi ya kai sama da 25, ya ƙara awon kowane numfashi, wai yana wanke kabon. Ka san motar haya ta trotro a tashar Kejetia idan yaron mota yana ta cusa fasinjoji tun waɗanda za su sauka ba su sauka ba. Haka ya yi wa ƙirjin bawan Allah nan, kowane numfashi yana tarar da ragowar na baya bai gama fita ba. Iska ta yi ta taruwa, matsin ƙirji ya yi ta hawa ba tare da lambar PEEP da ke allo ta motsa ba, har manyan jijiyoyi suka matse, jini ya daina isa zuciya. Da ya ga awon jini yana zubewa, sai ya buɗe ruwa, ya yi allurar adrenaline, da bugun jini ya ɓace kuma ya cire injin ya kama jakar Ambu, wadda ake hura wa majiyyaci iska da ita da hannu, yana matsa ta da sauri iyakar ƙarfinsa, wato ya ƙara wa cutar abin da ya haddasa ta. Sai a lokacin wata nas ta tuna da lambata.

Na iso a kan babur na tarar ana danna masa ƙirji. Jijiyoyin wuyansa sun kumbura sun fito raɗau, fuskarsa ta yi duhu, ƙirjin ya tashi ya tsaya a sama ba ya komawa. Ban tambayi kowa komai ba. Na fizge jakar daga bakin bututun, na ɗora tafukan hannuna biyu a haƙarƙarinsa na danna a hankali. Iska ta dinga fita da wani siririn fito, tana fita, tana fita, har waɗanda ke tsaye suka fara kallon juna. Yatsana yana kan jijiyar matsematsinsa na ji bugun ya dawo, da farko a raunane, daga baya da ƙarfi. Babu wata allura da na ƙara. Da na juya na tambayi matashin dalilin da ya sa ya taɓa injin, sai ya ce mini shi huhu yake gyarawa, zuciya ce ta tsaya don kanta, injin babu ruwansa da ita.

Zuciyar ta dawo, amma ƙwaƙwalwa ta daɗe babu jini. Direban bai sake buɗe ido ba, bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Takardar da na manna a jikin injin ta ɓace kafin gari ya waye. Mai asibitin ya tara dangin mamacin ya gaya musu cewa tsohon da ya ɗauko ne ya saita injin ba daidai ba, ya ba mutum numfashi 10 kacal alhali yana fama da shaƙewa, kuma ga wanda bai san aikin ba wannan magana tana kama da gaskiya. Da wannan hujjar ya riƙe kuɗina gaba ɗaya, har da na kayan da na saya. Dattijon da ya haɗa mu ya ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na je jana'izar, na tsaya a sahun baya, ina ji ana nuna ni da baki. Yadda darajar sidi ta zube tun daga lokacin, ko yau ya kawo kuɗin ba za su sayi rabin abin da za su saya a da ba, kuma bai kawo ba. Matashin kuwa na ji yana Ingila, inda duk tsararrakinku suke hanƙoron zuwa tun ba su iya sa hannu a jikin majiyyaci ba.

Saboda haka idan jini ya faɗi farat ɗaya a kan inji, musamman ga mai asma ko tsohon mai shan taba da huhunsa ya lalace, raba bututun da injin na ɗan lokaci ka saurari abin da zai fito, kana yi kana kiran likita. Idan jinin bai dawo ba, dubi ƙirjin: in gefe ɗaya ba ya motsi kuma ba ka jin iska a cikinsa, huhu ya fashe iska ta taru a bayansa tana danne zuciya, kuma wannan allura ake soka wa a ƙirji nan take, ba a jiran hoto. Tun kafin a kai ga haka ma allon yana faɗa maka, domin layin fitar iska idan bai koma sifili ba sabon numfashi ya shigo, iska tana taruwa ke nan. Amma ku lambobi masu launi kawai kuke kallo.

Akwai wata hanyar da injin ke cutar da zuciya wadda ba ta da hayaniya irin wannan. Ɓangaren dama na zuciya bangonsa siriri ne, an halicce shi ne don tura jini cikin huhu mai laushi. Idan ka cika huhu da iska fiye da kima, ƙananan jijiyoyin da ke zagaye da jakunkunan iska sukan matse, ɓangaren dama ya yi ta turawa a kan ƙofar da ta tsuke har ya kumbura, ya tura bangon tsakiya cikin ɓangaren hagu ya hana shi cika. A irin wannan hali ƙarin ruwa ƙarin wahala ne, kuma na sha ganin masu rataya leda bayan leda don kawai an koya musu cewa faɗuwar jini maganinta ruwa. Huhun da aka bari ya lanƙwashe saboda ƙarancin PEEP shi ma yana matse jijiyoyin, don haka kada ka ɗauka sifili ne mafita; yawanci daga 5 ake farawa. A shekarar 2000 wani babban bincike a Amurka a kan majiyyata 861 masu mummunan ciwon huhu ya nuna cewa waɗanda aka ba iska mililita 6 a kowane kilo na nauyinsu a duk numfashi sun mutu kashi 31 cikin ɗari, waɗanda aka ba 12 kuwa kusan kashi 40. Kilon nan kuma daga tsayin mutum ake lissafa shi, ba daga ƙibarsa ba, domin teɓa ba ta ƙara girman huhu. Igiyar awo ta tela ta ishe ka, amma ban ga ɗayanku yana yawo da ita a aljihu ba. Matsin da ya tsaya a huhu a ƙarshen shigar iska kada ya wuce 30, kuma ka riƙa leƙa jakar fitsari: idan ya gaza rabin mililita a kowane kilo cikin awa guda, ƙoda tana gaya maka jinin da ke isa gare ta ya ragu, ko da lambar da ke allo tana da kyau.

Kada ka fita daga nan kana cewa Maigida ya ce injin maƙiyin zuciya ne. Ga tsohuwar da hawan jini ya gajiyar da ɓangaren hagu na zuciyarta, ruwa ya taru mata a huhu tana fitar da kumfa, wannan matsin da ya kashe direban shi ne maganinta: yana rage jinin da ke yi wa zuciyar yawa, yana kuma sauƙaƙa mata turawa waje. Za ka sa mata CPAP, wato abin rufe fuska mai tura iska da matsi ba yankewa, ka ga gumi ya tsaya, numfashi ya lafa. Haɗarin irin waɗannan yana zuwa ne ranar da za a sauke su daga injin, domin da zarar matsin ya tafi sai jinin da aka tare ya kwararo wa zuciyar da ba ta da ƙarfin ɗaukarsa, ga kuma aikin numfashi ya dawo kanta. Za ka ga bugun zuciya ya yi sauri, awon jini ya hau, ƙirji ya fara ƙara, sai a ce huhu bai warke ba a mayar da ita kan inji, alhali ruwa ne ya yi mata yawa. Kafin ka gwada sauke mai irin wannan zuciya, lissafa ruwan da ya shiga jikinta da wanda ya fita tun ranar da aka kwantar da ita, ka kai wa likita lissafin a rubuce, ka tambaye shi ko za a ba ta Lasix, maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, tukuna. Ka kuma riƙe kwafin duk abin da ka rubuta a wurinka, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa.