Ku Tambaya: Ozon zai cinye fetur a rijiya, amma me zai taso da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tankin wani gidan mai a unguwarmu ya yi yoyo a ƙarƙashin ƙasa, har rijiyoyinmu suka fara warin fetur. Kamfanin da aka ɗauko ya ce zai riƙa hura iskar ozon cikin ƙasa ta cinye man. Ɗana da ke karatu a jami'ar KNUST ya ce hakan na iya sako gubar kuromiyam cikin ruwa. Gaskiya ne?
Daga wani ɗan kwamitin masallaci, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka bai faɗi ƙarya ba. Ozon, wato wani nau'in iskar oksijin mai ƙarfin ƙona abubuwa, magani ne mai kyau ga fetur, sai dai ba ya zaɓen abin da zai ƙona.

Kusan kowace irin ƙasa tana ɗauke da ƙarfen kuromiyam, kuma akasarinsa nau'in da ake kira mai lamba 3 ne. Wannan a maƙale yake jikin ƙasa, da ƙyar yake narkewa. Idan ozon ya same shi sai ya mayar da shi mai lamba 6, wanda ke narkewa sarai, ya bi ruwa duk inda ya nufa. Shi ne mai guba, kuma a ma'aunin da yake cutarwa ba ya da wari, ba ya canza launin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada jimillar kuromiyam a ruwan sha ta wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya.

Abin yakan fi tsanani a wurin da aka daɗe ana zubar da fenti, tarkacen walda da ƙarafa, irin filayen makanikai na Suame Magazine. Haka nan idan ma'aunin pH na ruwan, wato ma'aunin tsaminsa ko kanwarsa, ya haura 7, domin a nan ƙasa ba ta riƙe mai lamba 6 da kyau. Wani abin da ake mantawa: bututun ƙarfe mara tsatsa nau'in 304 yana da kuromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari, idan ya fara cinyewa shi kansa sai ya ɓata sakamakon gwaji.

Kafin a kunna inji, kwamitinku ya nemi a gwada ƙasa da ruwa, a ba ku sakamakon a rubuce: jimillar kuromiyam daban, mai lamba 6 daban, da pH, da baƙin ƙarfe da manganis. A kuma ɗebi ƙasar wurin a hura mata ozon a ɗakin gwaji, a ga nawa zai fito. Sannan a haƙa rijiyoyin sa-ido tsakanin wurin hurawa da rijiyoyinku, ta ɓangaren da ruwan ƙasa yake gangarawa. Rijiyar sa-ido da aka haƙa ta sama da wurin aiki ado ce kawai.

A wajen ɗibar samfuri ake yawan yin ɓarna. Samfurin mai lamba 6 ba a zuba masa asid kamar yadda ake yi wa na sauran ƙarafa, don asid na iya mayar da shi mai lamba 3 a cikin kwalba, takarda ta fito fes alhali ruwan ba fes ba. A tace shi da matacin maikuron 0.45, a sa a ƙanƙara, a gwada cikin awa 24 in ba a sa masa sinadarin adanawa ba. A gwajin, ruwan yakan koma ja-ja mai ratsin shunayya idan gubar tana nan.

In adadin mai lamba 6 ya fara hawa, a rage ozon, ko a riƙa hurawa ana tsayawa. Galibi bayan an kashe inji ƙasar kan mayar da shi mai lamba 3 da kanta cikin makonni ko watanni, idan akwai baƙin ƙarfe narkakke da ruɓaɓɓen ganye a cikinta. In ta gaza, ana zuba sinadarin feros salfet. Shi ya sa ba a rufe sa-ido ranar da aka kwashe inji. Ku tambaya ko hukumar kare muhalli ta EPA ta amince da tsarin aikin. A halin yanzu kada a sha rijiyoyin nan, kuma tafasawa ba ta cire kuromiyam, ƙara masa kauri take yi.

Tambaya: Ina sana'ar fiya wata a Nima, da injin ozon nake kashe ƙwayoyin cuta. Ni ma abin ya shafe ni?
Daga wata Hajiya, Accra

Amsa: Hajiya, naki da sauƙi, tunda ozon ɗinki a tanki yake aiki, ba ya haɗuwa da ƙasa. Kuromiyam ɗin da ya riga ya shigo da ruwan burtsatse kaɗai zai iya juyawa, don haka ki gwada ruwan kafin ya shiga inji. Abin da ya fi kamata ki lura da shi a Accra shi ne ruwa mai gishiri-gishiri: yakan zo da buromaid, ozon kuma ya mayar da shi buromet, wanda shi ma guba ne, iyakarsa a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita. Ki sa injin tacewa na RO, mai cire gishiri daga ruwa, gaba da ozon, ba bayansa ba.