Kafin a Tsira wa Kare Allura: Amsoshin Tambayoyinku Kan Gwajin Jinin Kare da Kyanwa

Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan bakinsu ɗaya. Kuɗi ya yi wuya, likitan dabbobi ya ce sai an gwada jini, mai dabba kuma yana ganin kamar so ake a ƙara masa lissafi. Na zaɓi biyar, na taƙaita su.

Wani magidanci daga Fadaman Mada, Bauchi: "Karena mai gadi kwana huɗu ke nan bai ci abinci ba, jikinsa zafi, fitsarinsa ya koma kalar shayi. Mai sayar da maganin dabbobi ya ce maleriya da taifot ne, zai yi masa allura. Likita kuma ya ce a fara gwada jini. Wanne zan biya? Kuma ba zan iya kai jinin ɗakin gwajin da muke zuwa da iyali ba?"

Malam, biya kuɗin gwajin. Amma tun kafin ka fita daga gida akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. In karen ya saba da hannunka, ɗaga leɓensa na sama ka dubi dasashinsa. Na mai lafiya launinsa kamar cikin leɓenka yake. In ka ga ya yi fari fat kamar takarda, jini ya ƙare. In ya yi ruwan ɗorawa kamar idon mai shawara, jajayen ƙwayoyin jininsa ne ke farfashewa, ko hanta ta taɓu. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Zafin jikin kuwa kada ka auna shi da tafin hannu, domin kare mai lafiya ma zafinsa tsakanin 38 ne da 39.2 a ma'auni, a hannun mutum kullum kamar mai zazzaɓi yake.

Kare ba ya kamuwa da maleriyar mutane, gwajin Widal na taifot kuma ba ya gaya maka komai a kansa. Abin da ke kama da maleriya a jikin kare yawanci kaska ce ke kawo shi, waccan ja-ja da ke laɓewa a kunne da tsakanin yatsu da tsagar bangon ɗakinsa.

Gwaji biyu za ka nema, kuma su ne mafi araha. Na farko PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini. Ana zuba jini a wani siririn bututun gilashi kamar tsinken tsintsiya, a toshe ƙarshensa, a juya shi a inji minti biyar. In an ciro za ka ga ja ya kwanta ƙasa, ruwa ya tsaya sama, sai a ɗora kan ma'auni a karanta. Kare mai lafiya yana ba da kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari. In ya sauko ƙasa da 20 lamari ya ɓaci, in ya kusa 12 ana maganar ƙarin jini ne. Na biyu a ɗiga jini kan gilashi, a shafe shi siriri, a rina, a duba a madubin likita. An fi son ɗigon da aka ɗauka daga gefen kunne, domin ƙwayoyin cutar sun fi taruwa a ƙananan jijiyoyi. Babesiya, ƙwayar cutar kaska da nake zargi a karenka saboda fitsarin nan, ana ganinta zaune cikin jan ƙwayar jini biyu-biyu, kamar ɗigon hawaye guda biyu da suka haɗa kai.

Dalilin da ya sa na nace shi ne cuta uku suna sa kare ya yi fari ya kwanta, kuma maganinsu bai haɗa hanya ba. Babesiya allura take so. Erlikiya, ita ma ta kaska, ƙwayar doksisaikilin take so har kwana 28, kuma ba kasafai ake ganinta a gilashi ba, sai dai a ga ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ragu. Ta uku tsutsar hanji mai shan jini, wadda a kashi ake gano ƙwanta, maganinta kuwa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Allurar da mai shagon zai yi, ina kyautata zaton Berenil ce ko 'yar'uwarta, wadda muke yi wa shanu. A jikin kare, tazarar da ke tsakanin warkewa da mutuwa a wannan maganin kaɗan ce ƙwarai. An taɓa kawo mini wani jibgegen kare a bayan a-kori-kura, an yi masa ita jiya da shekaranjiya ba tare da an ɗora shi a sikeli ba. Wuyansa ya sandare, ƙwayar idonsa tana rawa, yana tafiya yana zagaye kamar mai neman abin da ya yar. Maganin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Bai kai gari ya waye ba. Da muka duba jinin da muka ɗiba, ba mu ga Babesiya ko ɗaya ba, kashinsa kuwa cike da ƙwan tsutsa.

Batun ɗakin gwajin mutane: wasu abubuwan, kamar suga da awon ƙoda, injin zai auna daidai, amma lambobin "lafiya" da ke gefen takardar na ɗan Adam ne, sai likitan dabbobi ya karanta maka. Injin ƙirga ƙwayoyin jini kuwa an saita shi ne kan jinin mutum, ya fi yin kuskure a jinin kyanwa mai ƙananan ƙwayoyi. Kuma don Allah kada ka rubuta sunanka a kwalbar ka miƙa a matsayin naka. Ka faɗa musu gaskiya, in sun karɓa to, in sun ƙi hakkinsu ne.

Wani dattijo mafarauci daga yankin Alkaleri, ta bakin jikansa: "Karnuka biyu cikin biyar sun rame bayan damina, idon ɗaya ya yi fari kamar an shafa masa madara. An ce duka a yi musu allura."

Baba, Allah ya ƙara nisan kwana. Wannan farin idon, haɗe da rama da kumburin kaluluwa, a karen da ke shiga kurmi, sammore nake fara tunani. Tsando ne ke kawo shi, kuma dajin da ke kewaye da Yankari ba ya rasa tsando. Gwajinsa ba shi da tsada: ɗigon jini ɗanye a ƙarƙashin madubi, sai ka ga ƙwayar cutar tana wutsil-wutsil tana ture jajayen ƙwayoyin jini kamar tarwaɗa a ruwa kaɗan. Sharaɗinsa dai a duba da wuri. In aka ɗebi jinin da safe ya wuni a aljihu cikin rana har la'asar, sun mutu, ba za a ga motsi ba. Gara a kawo karen da kansa, ko a sa kwalbar a kula mai sanyi ba tare da ta daskare ba. Kuma suna yawa yau su ɓuya gobe, don haka in ba a gani ba karon farko, a sake bayan kwana biyu ko uku kafin a ce babu.

A gwada biyun da suka rame, a auna PCV na sauran ukun. Wanda jininsa ya cika, yana ci yana gudu, a bar shi ya huta da allura.

Wata uwa daga Yelwa, Bauchi: "Karen maƙwabta ya ciji ɗana a ƙafa. Mai karen ya ce zai biya a gwada jinin karen, in ba shi da hauka shi ke nan. Wasu kuma sun ce a ƙona gashin karen a shafa."

'Yar'uwa, ki ajiye wayar nan ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ki kai yaron asibiti yau a fara masa allurar rigakafin haukan kare. Babu gwajin jinin da zai wanke kare mai rai daga wannan cuta. A ƙwaƙwalwa ake tabbatar da ita, bayan dabbar ta mutu, kuma a yankinmu Vom ake aika kan dabbar, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924. Gwajin jinin da kika ji ana yi, na ganin ko rigakafi ya kama ne, irin wanda ake nema in za a fita da dabba ƙasar waje.

Abin da maƙwabcin zai yi shi ne ya ɗaure karen a inda ba zai kai ga kowa ba, a sa masa ido kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. In ya cika kwanakin lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara wa yaro allura, domin in alamun cutar suka bayyana a mutum, sai dai a yi haƙuri. In karen ya mutu ko aka kashe shi, kada a fasa kansa, kada a binne, kada a sayar wa masu ci, a kira asibitin dabbobi na gwamnati. Kuɗin da mai karen ya ware na gwaji, ya sa a allurar ɗanki. Gashin kuma a bar wa kare abinsa.

Wata Hajiya daga Tudun Wada, Gombe: "Magena ta shekara 11 a wurina. Yanzu ba ta rabuwa da kwanon ruwa, ta rame, amma tana cin abinci. An lissafa mini gwaje-gwaje da yawa. Duka sai na yi?"

Hajiya, a nan ne nake cewa a buɗe jaka, domin tsohuwar kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Mai shan ruwa haka tana ramewa, abu uku ake zargi: ƙoda, ciwon suga, ko maƙoƙon da ke aiki fiye da kima. Amma ba sai kin biya duk jerin ba rana ɗaya. Fara da fitsari. Ƙoda in ta fara gajiya, fitsari ne ke fara tsinkewa ya zama kamar ruwa, tun kafin jini ya nuna komai. Kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa wanda ake aunawa a jini, ba ya hawa sosai sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙodar ya tafi. Saboda haka takardar jini mai cewa lafiya ba ta wanke ƙoda ita kaɗai. Ki rufe magen a ɗaki da dare da wankakken faranti busasshe babu yashi a ciki, da safe ki zuƙe fitsarin da sabon sirinji ki kai da wuri. Sai a haɗa da PCV da kiriyatinin da suga. In waɗannan ba su ba da amsa ba, sannan a yi maganar maƙoƙo, wanda sau da yawa sai an aika jinin wani wuri.

Sukari a jinin kyanwa yana da yaudara, ni ma ya taɓa ruɗa ni ina sabon aiki. An kawo wata a cikin buhun shinkafa a kan acaɓa, ta iso tana huci, idanu waje. Na auna, lamba ta hau, na fara yi wa mai ita bayanin ciwon suga. Wani babba a wurin ya ce in bari ta kwana in duba fitsari. Da safe babu suga a fitsarin, jinin ma ya sauko. Tsoro ne kawai. Don haka ki ɗauko ta a kwando mai murfi, ki lulluɓa da zane. In likita ya ce a hana ta abinci kafin ɗibar jini, awa 8 zuwa 12 ya isa, ruwa kuwa kada a ɗauke mata. Kuma ko da wasa kada ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana kashe kyanwa.

Wani matashi mai kiwon karnukan sayarwa a Gombe: "Na ga ana tallar kayan gwajin gaggawa na cutar fabo da na kaska a Facebook. In saya in riƙa yi da kaina?"

Ƙanena, na fabo, cutar amai da gudawar jini ta 'yan kwikwiyo, yana da amfani ga mai 'yan kwikwiyo da yawa. Kashi ake gogowa ba jini ba, cikin kamar minti 10 layi ya fito, sai ka san wanda za ka ware kafin gudawar jinin nan mai ƙarni ta zagaye sauran. Sai dai layi ɗaya, wato sakamakon da ke cewa ba a ga cutar ba, ba ya nufin babu, musamman a farkon ciwo, kuma gwajin ba ya ƙarin ruwa. Kwikwiyon da ke amai da gudawa asibiti zai je ko me layin ya nuna. Na kaska kuwa ban ba ka shawarar saya ba. Yawancinsu shaidar haɗuwa da cutar suke nunawa, ko da bara ne aka haɗu, kuma a nan kare nawa ne bai taɓa haɗuwa da kaska ba? Za ka wayi gari kana ɗura wa masu lafiya magani.

In za ka saya, ka karɓa ta hannun likita mai rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, ka duba ranar lalacewa, ka tambayi inda aka ajiye shi. Yawancinsu ba a so zafi ya wuce 30, kai kuwa ka san yadda shagon kwano yake a Gombe a watan Afrilu. In kuma kuɗin ba zai kai ga duka biyu ba, kwalin gwaji ya jira: ka fara yi wa 'yan kwikwiyon rigakafi daga sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har su kai sati 16, kuma kada ka bar masu zuwa taya su shiga ɗakinsu da takalmi.