Kun Tambaya: Yaya ake ɗaukar hoton naman daji yana tsakar gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni mai ɗaukar hoto ne a gidajen biki da suna a nan Gombe. A ranin da ya wuce na je gandun dajin Yankari, wani garken gwanki ya ƙetare hanya a gabanmu a guje, na yi ta ɗauka, amma da na duba sai na tarar duk hotunan sun fito dishi-dishi, wasu ma wutsiya kawai na samu. Kyamarata ce ba ta isa ba ko hannuna ne? Kuma yaya masu ɗaukar hoton rabbi, dabbar nan mai kama da damisa, a Kenya suke samun sa tar yana bin barewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Da wuya laifin ya zama na kyamararka ko na hannunka. Abin da na fi zato shi ne ka shiga daji da saitin gidan biki. Ango da amarya suna tsayawa su jira ka, don haka ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga kyamara yana iya ɗaukar ɗaya bisa 125 na daƙiƙa kafin ya rufe, hoto kuma ya fito tas. Dabbar da ke gudu ba ta ba ka wannan sararin. Rabbin da ke gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka idan ƙyauren ya zauna a buɗe na ɗaya bisa 250, dabbar ta riga ta gusa da santimita 10 a cikin hoto guda, wanda ya isa ya shafe ido da hanci baki ɗaya. Idan ka kai shi ɗaya bisa 2000, gusawar ba ta kai santimita ɗaya da rabi ba. Gwanki bai kai rabbi gudu ba, amma ƙafafun kowace dabba sun fi gangar jikinta saurin motsi, don haka kada ka sauko ƙasa da ɗaya bisa 1000, kuma in akwai haske ɗaya bisa 2000 ya fi.

Wannan saurin yana rage hasken da ke shiga, kuma dole a rama ta wata hanya. Ka buɗe ƙofar gilashin zuwa f/5.6 ko iyakar abin da naka zai iya, ka bar kyamara ta zaɓi ISO, wato ƙarfin jin haskenta, da kanta. Kada ka ji tsoron ya hau 1600 ko 3200 da sassafe. Ɗan tsakin da ke bayyana a hoto ana iya rage shi a kwamfuta, amma hoton da motsi ya ɓata ba shi da magani.

Na biyu shi ne saitin da ke kama abin da ake ɗauka. A gidan biki kyamara tana kama fuska sau ɗaya ta tsaya, alhali a daji kana bukatar wanda ke bin dabba yana gyara kansa muddin yatsanka na kan maɓalli. A Canon sunansa AI Servo, a Nikon da Sony kuma AF-C. Ka haɗa shi da ɗauka a jere, wato kyamara ta riƙa sakin hotuna goma ko ashirin a daƙiƙa, domin idon ɗan Adam ba ya iya zaɓar lokacin da ƙafafu suka fi kyau. An tabbatar da haka tun 1878, lokacin da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, doki na wucewa yana taɓa zaren da ke sakin kowace. Hotunan suka nuna cewa doki yakan ɗauke kofatansa huɗu daga ƙasa a lokacin da ya tattaro su ƙarƙashin cikinsa, ba lokacin da ya miƙe su ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna zanawa. Sai dai ka kula, ma'ajiyar kyamara tana cika cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma wanda ya fara danna maɓalli tun dabba tana nesa yakan tarar kyamara ta sare a daidai lokacin da ta iso gabansa.

Batun wutsiya kuwa, alama ce ta cewa ka jawo hoton kusa fiye da kima kuma ka tsayar da hannunka. Ka ɗan sassauta gilashin, ka bar fili a gaban dabbar ta inda ta nufa, ka bi ta da kyamara kana juya ƙugunka gaba ɗaya, kada ka tsaya sai ta wuce. Ƙaramin buhun wake ko shinkafa a kan tagar mota ya fi kowace ƙafar kyamara amfani a nan, kuma ka roƙi direba ya kashe injin, domin jijjigarsa tana shiga hoto.

Amma duk wannan rabin aikin ne, kuma shi ne rabi mai sauƙi. Waɗanda kake ganin hotunansu daga Masai Mara ta Kenya ko Serengeti ta Tanzaniya ba saurin yatsa ne ya ba su ba, sanin halin dabbar ne da doguwar jira. Rabbi da rana yake farauta, galibi da safe ko da la'asar, yakan hau suri ya duba filin, sannan ya yi sanɗa har ya kusanci barewa kafin ya fyalla. Gudun kansa bai cika kai minti guda ba, tsawonsa kuma 'yan ɗaruruwan mita ne. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan rabbin daji a Botswana ya gano cewa mafi saurin da aka auna shi ne kilomita 93 a awa, yawancin farautar kuma a ƙasa da haka ake yin ta, domin abin da ke ba rabbi nasara shi ne iya taka birki da juyawa farat ɗaya. A wurin wannan juyawar, inda ƙura ke tashi wutsiya kuma ta karkata gefe, a nan hoton da ya fi rai yake. Gwanayen masu ɗauka sukan duba inda barewar take su tsaya can nesa da ita, rana na bayansu, su daidaita komai, su jira.

A Yankari daji ya fi na can duhu, dabba takan bayyana ne na ɗan lokaci a kan hanya ko a bakin kogin Gaji inda suke taruwa da rani. Saboda haka ka gama saitinka tun kafin mota ta bar sansanin baƙi na Wikki, ka riƙe kyamara a cinya a kunne. Hazon hunturu yana rage haske, zafin tsakar rana kuma yana sa iska ta yi rawa ta ɓata duk abin da ke nesa. Kafin ka koma, ka horar da hannunka a kan dawakai a filin sukuwa ko wajen hawan salla, domin wanda ya iya bin doki mai sukuwa bai rasa shi ba zai iya bin gwanki.

Tambaya: Malam, ni waya kawai nake da ita. Ko zan iya samun irin wannan hoton? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, za ki iya samun abin kirki idan dabbar tana kusa kuma haske ya wadata. Ki shiga saitin hannu in wayarki tana da shi, ki kai saurin ƙyaure ɗaya bisa 1000, ki yi amfani da ɗauka a jere. Kada ki dogara da jawo hoto da yatsu, domin a yawancin wayoyi yanke hoton kawai yake yi yana faɗaɗa shi.

Tambaya: Idan dabbobin suna kiwo sun ƙi motsi, ko laifi ne a sa direba ya danna hon ko ya ɗan bi su don su ruga? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, ina roƙon ka kada ka yi, kuma kada ka bari a yi a motar da kake ciki. Dabbar da ta ruga a ƙarshen rani ta ƙona ƙarfin da take lallaɓawa har ruwan sama ya sauka, uwa takan rabu da ɗanta a cikin ruɗani, barewa kuma tana iya mutuwa bayan dogon gudun firgici ko da ba a taɓa ta ba. Ko cunkoson motoci kaɗai yana yin ɓarna: wani bincike da aka wallafa a 2018 a Masai Mara ya nuna cewa uwar rabbi a wuraren da masu yawon buɗe ido suka yi yawa tana raya 'ya'ya kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da wadda ke inda ba a damun ta, alhali an ƙiyasta a 2016 cewa rabbin da ya rage a daji a duniya bai wuce kusan 7,100 ba. Ta fuskar sana'a ma asara ce, domin dabbar da aka kora baya take ba ka, kunnuwa a kwance, ba za ka samu fuska ba. Ka faɗa wa direba da ɗan rakiya tun a sansani cewa jira ka zo yi, ka nemi su kai ka hanyar da dabbobin ke bi zuwa shan ruwa, ku isa can kafin su.