Tambayi Likita: Na tambayi manhajar waya kafin a yi mini allurar barci

Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka biyo. Mutum ne aka sa masa ranar ƙaramin aikin tiyata, irin wanda ake yi da safe a sallame shi da yamma, sai ya ɗauki waya ya tambayi ChatGPT ko Meta AI na cikin WhatsApp ko allurar barci za ta yi masa illa. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Alaba Rago, shekarata 58. Za a yi mini aikin ƙaba. Ina da hawan jini da ciwon suga. Ɗana ya rubuta wa ChatGPT bayanina, ta ce ina mataki na 2, hatsarin kaɗan ne. Dole ne sai na ɓata yini guda a cunkoson Legas don ganin likitan allurar barci?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da lafiya. Dole ne, kuma bari in faɗa maka dalili.

Ma'aunin matakan da ta ambata, na lafiyar mutum kafin tiyata, gaskiya ne, da shi muke aiki. Ƙungiyar likitocin allurar barci ta Amurka ce ta fito da shi tun 1941, yanzu yana da hawa shida. Na 1 mai cikakkiyar lafiya ne. Na 2 mai cutar da magani ya riƙe ta. Na 3 wanda cutarsa ta yi ƙarfi ko ta ƙi jin magani. To tsakanin 2 da 3 ɗin nan, awo ne ke raba gardama. Ɗanka ya rubuta cewa kana shan magani, manhajar kuwa ta ɗauka maganin yana aiki. Ba ta ɗaura maka abin awon jini ba, ba ta ga sakamakon gwajin HbA1c ba, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance a wata uku da suka wuce. Idan ya haura 8, ka fita daga mataki na 2.

Akwai kuma abin da sai ido da hannu. Idan ka zauna a gabana zan ce ka wage baki ka fito da harshe, in leƙa in ga ko beli na bayyana. Zan duba ko yatsunka uku za su shiga tsakanin haƙora, ko wuyanka na lanƙwasuwa baya, ko akwai haƙori mai girgiɗi ko haƙorin Makka da zai iya ɓallewa ya faɗa maƙogwaro. Duk wannan don in san ko bututun numfashi zai shiga cikin sauƙi ne idan ka yi barci. Zan kuma tambayi Hajiya ko kana munshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa, domin mai munshari ba ya jin nasa.

Ga inda wayar za ta amfane ka: ka sa ɗanka ya jera sunayen magungunanka da ita, ku shirya tambayoyin da za ka yi mana. Ranar zuwa kuma ka zubo kwalayen a leda ka taho da su. Wasu na hawan jini, irin su lisinopril, sau da yawa ana cewa a tsallake su ranar aiki, wasu kuma ba a so a fasa ko sau ɗaya. Na suga da masu tsinka jini kowanne da ƙa'idarsa. Kada ka dakatar da ko ƙwaya ɗaya don waya ta ce.

Tambaya: Za a cire mini ƙullutu a mama. Meta AI ta ce zan iya shan abu mai ruwa har saura awa biyu. Zan iya shan koko da asuba? Daga wata uwa a Agege.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki sha. Na ji daɗi ƙwarai da kika tambaya, don na taɓa ganin wannan da idona. Wata safiya an riga an kwantar da wani bawan Allah, an sa masa ƙarin ruwa, na tambaye shi a karo na ƙarshe me ya shiga cikinsa. Ya ce ai bai ci komai ba, kunun gyaɗa kawai ya sha kofi ɗaya, waya ta ce babu laifi. Dole muka ɗage aikin, ya koma gida ransa a ɓace, ni ma nawa ba daɗi.

Manhajar ta faɗi ƙa'ida daidai, amma ƙa'idar tana nufin ruwan da idan kika ɗaga kofin gilashi za ki hango ɗaya gefen: ruwa zalla, ko shayi ba madara. Koko, kunu, fura da nono, shayi mai madara, duk abinci ne a wurinmu, awa shida ake ba su. Abinci mai maiƙo, kamar ƙosai ko tsire, awa takwas. Dalili shi ne idan mutum ya yi barcin allura, tarin da ke kare maƙogwaro yana tsayawa. Abin da ke ciki zai iya tasowa ya gangara huhu, kuma wannan yana kashewa. Ki bi lokacin da asibitinki ya rubuta miki.

Tambaya: Ina aikin dako, ina shan tramadol don in iya jure gajiya. Na gaya wa manhaja amma ina jin kunyar gaya wa likita. Daga wani matashi a Idi-Araba.

Amsa: Ƙanena, na gode da ka amince ka faɗa. Amma wayar ba za ta shiga ɗakin tiyata da kai ba, ni zan shiga. Jikin da ya saba da tramadol ba ya jin adadin maganin ciwo da muke ba kowa, sai ka farka cikin azaba mu kuma ba mu san dalili ba. Ga shi yana iya jawo jijjiga, yana kuma karo da wasu magungunan da muke amfani da su. Kada ka yanke shi dare ɗaya kafin aiki, ka zo mu tsara tare. Ka ce kana son ganin likita kai kaɗai, ba wanda zai kai ka wurin hukuma. Haka sigari, shisha, maganin tari mai kodin, da jiƙe-jiƙen gargajiya ko agbo na maƙwabtanmu Yarbawa, duk ka lissafo. Jiƙo ana so a ajiye shi mako biyu kafin aiki. Kuma ka daina rubuta wa manhajar cikakken sunanka ko tura mata hoton katin asibiti, domin bayanan suna zuwa wurin kamfani ne.

Tambaya: Yarona ɗan shekara huɗu mai sikila ne, za a yi masa kaciya a asibiti, ga shi yana mura. Manhaja ta ce ƙaramin aiki ne. Daga Mile 12.

Amsa: Maman yaro, ki kira asibitin yau. Ga mai sikila babu aikin da muke ɗauka da wasa, domin ƙishirwa, sanyi da ƙarancin iska duk suna tayar da ciwon. Sai an auna jininsa, a sa shi farkon layi don kada ya daɗe ba ci ba sha, sau da yawa kuma a kwana da shi a asibiti. Idan murar ta zo da zazzaɓi ko tarin ƙirji, ɗage aikin ake yi na wasu makonni har hanyar numfashi ta huce. Ki kuma tambayi dangi, naki da na mahaifinsa, ko an taɓa yi wa wani allurar barci ya yi zazzaɓi mai tsanani ko ya daɗe bai farka ba, don akwai irin wannan da ake gado.

Ga ku duka huɗu: ranar sallama a zo da babba wanda zai raka mara lafiya gida ya kwana kusa da shi. Ba tuƙi ba hawa babur har awa 24. Idan numfashi ya yi wuya ko jini ya ƙi tsayawa cikin dare, lambar gaggawa a Legas ita ce 112 ko 767.